Baƙon Atam a Cikin Sufakwandakta: Abin da Tutiya da Nikel Suka Tona

Wayar da ke naɗe a cikin yawancin na'urorin MRI na asibiti gami ce ta niyobiyam da titaniyam, kusan rabi da rabi, atam ɗin wannan a cakuɗe da na wancan. Niyobiyam shi ne ƙarfen da ake fitarwa daga kolumbait, ma'adinin da aka daɗe ana haƙowa tare da kuza a tsaunukan Jos. Idan aka sanyaya wayar ƙasa da digiri 9 a ma'aunin Kelbin, wato kusan 264 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, lantarki yakan gudana a cikinta ba tare da turjiya ko ƙanƙanuwa ba, kuma cakuɗar ba ta hana ta komai. Abin da ya kai wannan matsayi shi ake kira sufakwandakta.

Akwai kuma wani kiristal, Sr2RuO4, wanda Yoshiteru Maeno da abokan aikinsa suka gano a Japan a 1994 cewa shi ma yana rikiɗa haka; mai tsabtarsa yakan rikiɗa a wajen digiri 1.5 na Kelbin. Shi wannan, baƙon atam ɗaya ko biyu cikin dubu sun isa su kashe halin gaba ɗaya. Me ya sa wani ke haɗiye cakuɗar rabi da rabi, wani kuma ƙwaya ɗaya cikin dubu ta gama da shi? Neman amsar ya sa masana kimiyyar fiziya suka mai da datti, wato baƙon atam da ya shiga gurbin da ba nasa ba, kayan awo. Da gangan suke cusa shi, su zuba ido su ga yadda ilektiron za su amsa.

Heike Kamerlingh Onnes ne ya fara ganin abin a Leiden a 1911, lokacin da turjiyar zaiba ta ɓace a digiri 4.2. Bayaninsa bai zo ba sai 1957, daga Bardeen da Cooper da Schrieffer. A cewarsu, a cikin tsananin sanyi girgizar atam-atam na ƙarfe takan sa ilektiron su haɗu bibbiyu, ɗaya ya nufi gabas ɗan'uwansa ya nufi yamma da gudu daidai, kuma ɗan maganaɗisun da kowannensu ke ɗauke da shi, wanda ake kira sifin, yana fuskantar akasin na ɗan'uwansa. Waɗannan su ne tagwayen Cooper. Dukkan tagwayen suna tafiya da kaɗawa guda, kuma raba su yana buƙatar wani ƙayyadadden ƙarfi da ake kira giɓi. A dalma da alminiyam da niyobiyam, giɓin kusan ɗaya ne ko ta ina ilektiron ya nufa. Wannan shi ne samfurin s.

A 1959 Philip Anderson ya bayyana dalilin da ya sa datti ba ya damun irin waɗannan ƙarafa. Baƙon atam yana karkatar da ilektiron daga hanyarsa, gaskiya ne, amma ga kowace karkatacciyar hanya akwai takwararta da ke bin sawunta da baya, kuma a wannan ɗan tagwayen yake. Muddin giɓin ɗaya ne ta kowace fuska, zafin rikiɗa, wato digirin da abu ke zama sufakwandakta, ba ya motsawa sosai. Sharaɗin kawai shi ne kada baƙon ya zo da maganaɗisu, domin maganaɗisu yana tura sifin biyun ta fuskoki mabambanta ya raba su. Tun 1958 Bernd Matthias da abokansa suka ga cewa gadoliniyam kusan kashi 1 cikin 100 yana durƙusar da lantanam, kuma a 1960 Abrikosov da Gor'kov suka fitar da lissafin a Tarayyar Sobiyat. Daga baya Yu Lu a Sin, Shiba a Japan da Rusinov a Rasha, kowa shi kaɗai tsakanin 1965 da 1969, suka nuna cewa baƙo mai maganaɗisu yana kafa wa ilektiron mazauni a tsakiyar giɓin, inda a ƙa'ida babu mai zama. An ga wannan da ido a 1997 a ɗakin binciken IBM na Kalifoniya, inda Ali Yazdani da abokansa suka ɗora atam ɗaiɗai a kan niyobiyam. Manganis da gadoliniyam suka bar alama a cikin giɓin, azurfa ba ta bar komai ba.

Doka ce mai sauƙin riƙewa: mai maganaɗisu yana kashewa, marar maganaɗisu ba ya kashewa. Ta yi aiki har aka fara samun abubuwan da ba girgizar atam ce ke haɗa tagwayensu ba. Frank Steglich ya samo CeCu2Si2 a Jamus a 1979. A 1986 Bednorz da Müller suka samo na farko a dangin kufret, masu shimfiɗu na jan ƙarfe da oksijin, a ɗakin IBM na Zurich, kuma shekara guda bayan haka YBa2Cu3O7, wanda ake taƙaitawa YBCO, ya kai digiri 93, sama da 77 ɗin ruwan naitirojin. A dangin kufret ilektiron suna tsananin ƙyamar kusantar juna, don haka tagwayen ke ɗaukar siffar da za ta hana su haɗuwa a wuri guda. Giɓin yana da kunnuwa huɗu. Gabas da yamma suna ɗauke da alamar tarawa, kudu da arewa alamar ɗebewa, a kusurwoyi huɗun da ke tsakani kuma giɓin ya rufe ya zama sifili. Wannan shi ne samfurin d, kuma gwajin Van Harlingen a Illinois a 1993 da na Tsuei da Kirtley a 1994 sun tabbatar da sauyin alamar kai tsaye.

A nan hujjar Anderson ta faɗi. Ka ɗauki 'yan kasuwa huɗu da aka ce su haɗa lissafinsu a raba daidai. Idan kowa na da ribar naira dubu, bayan rabo kowa na nan da dubunsa. Idan biyu na da ribar dubu, biyu kuma ana bin su bashin dubu, kowa zai tashi hannu wofi. Aikin baƙon atam ke nan: yana ɗauko ilektiron daga gabas ya jefa shi arewa, ya cakuɗa tarawa da ɗebewa, giɓin ya narke. Ba ya buƙatar maganaɗisu kafin ya yi wannan ɓarna. Abin da ke yanke hukunci shi ne tsawon tafiyar ilektiron kafin ya yi karo, idan aka gwada da faɗin tagwayen. A 1998 Andrew Mackenzie da abokansa suka auna wannan a Sr2RuO4 ta hanyar jera kiristal masu tsabta daban-daban, suka ga halin yana mutuwa daidai lokacin da tsawon tafiyar ya sauko kusa da faɗin tagwayen. Shekaru da dama ana ɗaukar cewa sifin biyun tagwayen wannan kiristal suna fuskantar gefe guda, har wani gwajin 2019 ya rushe wannan zato. Awon 1998 bai girgiza ba, domin abin da ya faɗa kaɗan ne kuma tabbatacce: giɓin yana sauya alama. Bai ce wace siffa ba ce.

Dangin kufret sun fi juriya saboda tagwayensu ƙanana ne, nanomita 2 ko ƙasa (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), alhali na alminiyam sun haura nanomita 1,000. Amma a cikinsu ne aka ci karo da abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan fage. Idan aka cire atam na jan ƙarfe daga shimfiɗar YBCO aka sa tutiya a gurbinsa, kowane kashi 1 cikin 100 yana sauke zafin rikiɗa da digiri 10 ko fiye. Idan nikel aka sa, saukar ba ta wuce kusan sulusin haka ba. Tutiya ba ta da maganaɗisu, domin ɗakin ilektiron ɗinta na waje a cike yake da goma cif. Nikel yana da shi. Tsohuwar doka ta juye a kanta.

Wani ɓangaren amsar mai sauƙi ne. Cikar ɗakin tutiya ta sa ta zama katanga da ilektiron ba zai iya shiga ba, don haka karkatarwarta ta kai maƙura. Nikel maƙwabcin jan ƙarfe ne a jadawalin sinadarai ta ɗaya gefen, matakan ƙarfinsa kusa suke da na mai gida, ilektiron na ratsa shi da ɗan tuntuɓe. Sauran amsar ta fito daga Orsay a Faransa, inda Henri Alloul da ɗalibansa suka yi shekaru suna sauraron cibiyoyin atam da dabarar NMR, wadda ita ce uwar MRI. Sun gano cewa ko da yake tutiyar ba ta da maganaɗisu, atam-atam na jan ƙarfen da ke kewaye da ita suna farkawa da nasu, wannan sama wancan ƙasa, yana raguwa da nisa. Litiyam ma haka yake yi. Dalili kuwa, asalin kufret kafin a taɓa shi ba ya ɗaukar lantarki ko kaɗan, kuma sifin ɗinsa a jere suke ɗaya sama ɗaya ƙasa. Wannan hali bai mutu ba a cikin sufakwandaktan, kwantawa ya yi. Da aka cire atam ɗaya daga jerin sai ya ɗago kai a kewayen gurbin. Ma'ana, tutiyar ta fallasa abin da mai gidan ke ɓoyewa. Gwaji da ƙwayoyin muwon, dangin ilektiron masu nauyi, a 1996, daga ƙungiyar Uemura ta jami'ar Columbia, ya ƙara da cewa kowace tutiya tana kashe tagwayen da ke wani ɗan da'ira kewaye da ita, sauran fili kuma ya ci gaba da aiki. Wannan ya saɓa wa lissafin Abrikosov da Gor'kov, wanda ke ɗaukar cewa ɓarnar tana bazuwa daidai ko'ina.

A shekarar 2000 aka ga tutiya guda ɗaya. Ƙungiyar Séamus Davis a Berkeley ta yi amfani da na'urar STM, allura mai tsinin atam guda da ke shawagi a saman kiristal tana ƙidaya ilektiron da ke tsallakowa, a kan Bi2Sr2CaCu2O8. Shekaru biyar kafin nan Balatsky da abokansa sun yi hasashen cewa katanga mai ƙarfi a samfurin d za ta kafa mazauni kusa da tsakiyar giɓin. Haka aka gani: ƙololuwa mai kaifi ta yawan ilektiron a mili-ilektironbolt 1.5 (ɗan ƙaramin ma'aunin ƙarfi) ƙasa da sifili, wato tsakiyar giɓin, cikin giɓin da ya kai kusan 40, da siffa mai kusurwa huɗu, kuma alamun tagwaye sun dushe a kewayenta. A 2001 suka yi na nikel, suka sami mazauni biyu a wajen 9 da 19, kuma alamun tagwayen suna nan lafiya har a kan atam ɗin. Lissafi ya nuna cewa tuntuɓen da nikel ke sawa ya fi maganaɗisunsa tasiri.

Sai dai hoton tutiyar ya zo da matsala. Idan katanga ce, ya kamata kanta ya yi duhu, maƙwabtanta huɗu na kusa su yi haske. A hoton, kan tutiyar ne ya fi ko'ina haske, maƙwabtan kusa suka yi duhu. Wasu, ciki har da Sachdev da Vojta, suka ce maganaɗisun da ya farka a kewaye ne ke mu'amala da ilektiron ya haifar da ƙololuwar. Wasu suka tuna cewa allurar ba ta taɓa shimfiɗar jan ƙarfe, tana leƙenta ne ta cikin shimfiɗun bismut da sitirontiyam da ke sama, kuma hanyar da ilektiron ke bi ya fito tana haɗa saƙon maƙwabta huɗu ta zuba shi a tsakiya. Lissafin da Kreisel da Hirschfeld da abokansu suka yi a 2015, wanda ya bi siffar ilektiron har saman kiristal, ya fitar da hoto mai kama da na gwajin ƙwarai. Ni ina ganin wannan ya warware batun siffa, amma bai share abin da Alloul ya auna ba. Maganaɗisun yana nan, kuma bayanin da zai gamsar dole ya ɗauki awon biyu tare.

Datti yana kuma canja abin da ke faruwa a kusurwoyin da giɓin ya rufe, kuma wannan ya taɓa ɓatar da masana. Zurfin da maganaɗisu ke iya kutsawa cikin sufakwandakta yana ƙaruwa da zafi, kuma yadda yake ƙaruwa yana nuna siffar giɓin. Samfurin d mai tsabta ya kamata ya ba da miƙaƙƙen layi. Awon farko a kan siraran shimfiɗu ya ba da lanƙwasasshe, mutane da yawa suka ce ba d ba ne. A 1993 Walter Hardy da abokansa a Vancouver suka auna kiristal mafi tsabta suka sami miƙaƙƙen layin. A shekarar kuma Hirschfeld da Goldenfeld suka nuna cewa datti kaɗan mai ƙarfi yana cika kusurwoyin da rababbun ilektiron, waɗanda suka fita daga tagwaye, ya lanƙwasa layin, ba tare da ya taɓa zafin rikiɗa sosai ba. 'Yan Vancouver suka zuba tutiya kaɗan da gangan, layin ya lanƙwashe. Wani hasashen ya fi wannan ban mamaki. Patrick Lee ya lissafa a 1993 cewa ƙarin datti yana ƙara yawan rababbun ilektiron amma yana gajarta tafiyarsu, kuma biyun suna cinye juna daidai. Louis Taillefer ya gwada a 1997: kusa da sifilin Kelbin, yadda YBCO ke ɗaukar zafi bai canja ba har da tutiya kashi 3 cikin 100. Giɓi marar kusurwoyin sifili ba zai iya yin haka ba. Tun 2002 kuma ake amfani da zoben kaɗawar da ilektiron ke yi kewaye da datti wajen zana taswirar giɓin da STM.

Inda nake ganin an fi yin gaggawar yanke hukunci shi ne dangin baƙin ƙarfe, waɗanda Hideo Hosono ya buɗe ƙofarsu a Tokyo a 2008 da LaFeAsO da aka sa wa fulorin kaɗan, a digiri 26. A nan ilektiron suna zaune a rukunoni daban-daban, kuma Igor Mazin da abokansa suka ba da shawarar cewa giɓin zagayayye ne a kowane rukuni, amma alamar wani rukunin akasin ta wani ce. A 2009 Onari da Kontani suka ce in haka ne datti kaɗan zai kashe su, ga shi kuwa ana zuba kobalt a gurbin baƙin ƙarfe suna rayuwa, don haka alamar ɗaya ce. Hujjar tana da rauni biyu. Baƙon da ke karkatar da ilektiron a cikin rukuninsa ba ya cakuɗa alamu, sai wanda ke jefa shi wani rukunin, kuma ba wanda ya san rabon biyun a kowane atam. Na biyu, kobalt ba datti kaɗai ba ne, yana kawo ƙarin ilektiron, har ma shi ne ke tayar da halin a BaFe2As2. Saurin saukar zafin rikiɗa shi kaɗai ba shaida ba ne, ko ta wane ɓangare.

Mafita ita ce a yi datti ba tare da canja sinadari ba. A Palaiseau kusa da Faris akwai na'urar da ke harba ilektiron masu ƙarfin ilektironbolt miliyan 2.5 a kan kiristal da aka tsoma a ruwan haidurojin, su ture atam ɗaiɗai daga gurabensu. Ana auna kiristal guda, a harbe shi, a sake aunawa, a ƙara. A 2014 Mizukami da Shibauchi da abokansu suka yi haka da BaFe2(As,P)2, wanda ke da kusurwoyin sifili. Da datti kaɗan kusurwoyin suka toshe, abin da samfurin d ba zai yi ba tun da tsarin kiristal ne ya tilasta nasa. Da aka ƙara sai rababbun ilektiron suka sake bayyana a cikin giɓin, abin da giɓi mai alama ɗaya ba zai yi ba da datti marar maganaɗisu. Irin wannan gwaji, mai bin sauyi mataki-mataki a jiki guda, shi ne na fi yarda da shi.

Akwai wata gaskiya da ake yawan mantawa. Yawancin kufret ba sa zama sufakwandakta sai an gurɓata su. La2CuO4 tsantsa ba ya ɗaukar lantarki, sai an maye kusan 0.16 na lantanam da sitirontiyam a kowane ma'auni yake kaiwa wajen digiri 38. Waɗannan baƙin suna zaune a wajen shimfiɗar jan ƙarfe, karkatarwarsu mai laushi ce, amma suna nan da yawa. A 2016 Ivan Božović a Brookhaven ya auna siraran shimfiɗu sama da 2,000 ya ga cewa idan sitirontiyam ya wuce kima yawan tagwaye yana raguwa tare da zafin rikiɗa, alhali masu ɗaukar lantarki ƙaruwa suke yi, ya ce ƙa'idar 1957 ta gaza a nan. David Broun da abokansa a Kanada suka amsa cewa samfurin d da dattin sitirontiyam ɗin kansa sun isa su ba da wannan sakamako. Muhawarar ba ta rufe ba, kuma tana da nauyi, domin a kanta za a san ko ana buƙatar sabuwar ƙa'ida ko kuwa kyakkyawan lissafin datti.

UTe2 ya nuna haɗarin a fili. Da aka gano shi a Maryland a 2019 yana rikiɗa a digiri 1.6, kusan rabin ilektiron ɗinsa ba sa shiga tagwaye, kuma wasu kiristal sun nuna rikiɗa biyu a jere. An gina bayanai masu zurfi a kan duka biyun. Da aka gyara hanyar renon kiristal, har aka kai ga narkakken gishiri a Japan a 2022, zafin rikiɗa ya hau 2.1, ragowar rababbun ilektiron ta ragu ƙwarai, rikiɗar ta koma ɗaya. Ana danganta bambancin da guraben yuraniyam da suka zauna wofi a kiristal na farko.

Masu ƙera waya kuwa neman lahani suke yi, amma mai siffar da suke so. Maganaɗisu mai ƙarfi yana ratsa waɗannan abubuwa a siraran zaruruwa, kamar yadda Abrikosov ya lissafa a 1957, kuma idan lantarki ya ture zaruruwan suka motsa, turjiya ta dawo. Zare yana maƙalewa ne a inda tagwaye suka riga suka mutu. Shi ya sa tun aikin Judith MacManus-Driscoll na 2004 ake cusa ƙwayoyin BaZrO3 masu faɗin 'yan nanomita a cikin YBCO, su riƙe zaruruwan, shimfiɗar jan ƙarfen da ke tsakaninsu kuma ta zauna da tsabta. Lahanin da ake gudu shi ne iyakar da ke tsakanin ƙwayoyin kiristal biyu da suka karkace wa juna: tun 1988 aka auna cewa karkata ta 'yan digiri kaɗan tana zubar da lantarkin da ke tsallakawa, shi ya sa ake shimfiɗa YBCO a kan faifan ƙarfe da aka riga aka jera wa ƙwayoyi fuska guda. Da irin wannan faifai aka naɗa maganaɗisun da ya kai tesla 20 (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) a jami'ar MIT ta Amurka a watan Satumba na 2021, don gwajin samar da wuta ta haɗa cibiyoyin atam.